Da Wane Mudu Muke Auna Gidan da Za Mu Zauna?



A ajin matan aure da nake koyarwa da hantsi a nan Kano, akwai wata ɗaliba da ba ta fashi, sai kwatsam aka yi mako uku ba mu gan ta ba. Ranar da ta dawo na ce, "Maman yara, lafiya kuwa?" Ta ce, "Malama, tashi muka yi. An ƙara mana kuɗin haya, shi ne Abbansu ya samo wani gidan can gaba da Rijiyar Zaki. Ya fi wancan girma, ya kuma fi araha, amma wallahi tun da muka koma kuɗi ba sa zama a hannunsa." Wannan magana tata ce ta sa na zauna ina tunani: shin idan za mu kama gida, me muke aunawa, kuma da wane mudu?

'Yar uwa, kin dai ga yadda garin nan yake faɗaɗa. A ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da miliyan 9 a jihar Kano, kuma tun daga lokacin kullum ƙaruwa ake. Wuraren da iyayenmu suka sani gonaki ne a Ungogo da Kumbotso yau sun haɗe da birni. Mai gona zai yanka gonarsa awon igiya ya sayar, gini ya tashi tun kafin a kawo titi, ko magudanar ruwa, ko famfo, ko makaranta. Mafi yawan masu komawa can ba son nisa suke ba, hayar cikin gari ce ta koro su.

A fahimtata mudu biyu ne ya kamata a auna gida da su: buƙata da iyawa. Shari'a ta ɗora wa miji samar wa matarsa wurin zama. Aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ sun yi magana a kan zaunar da matar da take idda da ciyar da ita, suka ɗaure abin da gwargwadon ƙarfin mijin, malamai kuma suka ce wadda take cikin aure ta fi cancanta da wannan haƙƙi. Ke nan akwai iyaka ta ƙasa da bai halatta miji ya gaza ta ba, akwai kuma ta sama da bai kamata mace ta tura shi ya ƙetare ba.

Mu fara da buƙata. Gida sutura ne, don haka ki duba ko za ki iya fitowa tsakar gida ki yi girki da wanki ba tare da idon mazan da ba muharramanki ba. Ki ƙirga 'ya'yanki da shekarunsu, domin Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da raba musu makwanci idan sun kai shekara 10. Ciki da falon da ya ishi amarya ba zai ishi uwar 'ya'ya 6 ba. Idan kuna da abokiyar zama, kowacce tana da haƙƙin ɗakinta da sirrinta. Sai banɗaki, da ruwa, da tagar da iska za ta shiga, tunda mun san cunkoso a lokacin zafi yana taimaka wa sanƙarau yaɗuwa. Waɗannan ba ƙawa ba ne, kada ki ji kunyar faɗar su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke ce kike wuni a gidan, shi da safe ya fita sai dare.

Sai iyawa. Masana harkar gidaje suna da wani ma'auni da suka daɗe suna amfani da shi: kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali suke samu. Mu gwada. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. Kashi 30 ɗinsa naira 21,000 ke nan, a shekara 252,000. Kuma ba wata-wata ake biya ba, yawanci ta shekara ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Ki tambayi kanki wane irin gida wannan kuɗin zai kama wa mai iyali a unguwarku.

A nan ne lissafin mijin ɗalibata ya kuskure, domin kuɗin haya kawai ya duba. Gidan bayan gari yana da hayar ɓoye da ba a rubuta ta a takarda. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi. A ce nisan ya ƙara masa naira 1,000 a kullum, a kwanakin aiki 22 ya zama 22,000 a wata, 264,000 a shekara. Kin ga ya kai wata hayar. Ki haɗa da na kai yara makaranta, da na mai kurar ruwa idan babu famfo ko rijiya, da na magani idan damina ta bar kududdufi a ƙofar gida. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi: uban da zai fita yara suna barci ya dawo sun yi barci, da zumuncin da nisa ya yanke, da karatunki na Islamiyya da ya tsaya, da naƙudar tsakar dare babu mota a kusa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai mudu na uku da muke ɓoyewa a cikin mayafi, shi ne idon jama'a. Ƙawata tana fulat, ƙanwata an kai ta gida ita kaɗai, ni ma ba zan zauna a gidan yawa ba. Wata tun ranar jere ake fara rigimar, wai kujeru da gadon da aka saya ba za su shiga ɗakin ba, sai a nemo gidan da zai ɗauki kayan maimakon wanda ango zai iya biya. Shekarar farko a lallaɓa da gudummawar biki, ta biyu a ci bashi, ta uku a kwashe kaya da daddare don kunya. Wani mijin garin neman kuɓuta daga gori zai faɗa bashin ruwa, ko ya taɓa amanar da aka ba shi a wurin aiki. Ya ke 'yar uwa, idan matsinmu ne ya kai shi ga haram, kina ganin ba mu da kaso a ciki?

Maza ma suna da nasu. Wani zai kama gida bai shawarci matarsa ba, sai dai ta ga motar kwasar kaya. Wani yana da halin ƙara ɗaki ga 'ya'yan da suka balaga, amma ya zaɓi ƙara aure ya cusa kowa a inda suke. Wannan tauye haƙƙi ne, kuma haƙurin da ake ce mu yi bai hana ki faɗa masa cikin ladabi ba.

Na san wata za ta ce, "Malama, duk lissafin nan na wanda yake da zaɓi ne, mu da gidan mai sauƙin ma babu fa?" Gaskiyarki. Wani nauyin na hukuma ne, kuma ita ma muddin ba ta auna buƙatar jama'a ba sai ta yi gini a inda ba a nema. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a gefen Kano tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, da yawansu suka yi shekaru babu kowa a ciki, alhali ana cunkushe a awon igiya. Ƙungiyoyinmu na mata suna da bakin da za su nemi a fitar da filaye masu tsari, da titi da ruwa, waɗanda talaka zai iya saya. Sai dai ƙarancin zaɓi shi ne ma ya sa lissafi ya zama dole, domin mai kuɗi kaɗan ba shi da na yin kuskure sau biyu.

Ke kuma da Allah Ya hore wa gidan haya, ta gado ko ta kasuwanci, wannan magana ta shafe ki. Halal ne ki karɓi haƙƙinki, kuma kayan gini sun yi tsada. Amma kafin ki ninka haya don kin ji maƙwabci ya ninka, ki tuna ƙarin nan daga tukunyar wata zai fita. Ki ba da sanarwa da wuri, ki gyara yoyo, ki karɓi biya kashi-kashi ga wanda kika san mai amana ne. Sassauta wa wanda yake cikin ƙunci ciniki ne da Allah.

Shawarata ita ce, kafin ku kama gida ki zauna da maigida da biro da takarda. Ku rubuta abin da yake shigowa, da abin da ba za ku iya rayuwa babu shi ba, da duk kuɗin da unguwar za ta ci bayan haya. Ki je ki ga gidan da idonki, ki tambayi matan maƙwabta yadda layin yake da damina da inda suke samun ruwa. Idan da rara, a zuba adashi don fili, ko da bulo ɗari-ɗari za a riƙa ajiyewa, a kuma tabbatar da takardunsa wurin hukuma kafin a biya. Ɗalibata da mijinta sun yi wannan zama, sun yanke shawarar idan hayarsu ta ƙare za su dawo kusa da wurin aikinsa, ko da ɗaki ɗaya zai ragu.

Allah Ya ba mu muhalli mai albarka da maƙwabta nagari, Ya wadata mazajenmu da halal, Ya sa mu zama masu sauƙaƙa musu, amin. Wassalamu alaikum.