Sani, Ka Duba Shekarun Tayarka

Sani ɗana, tuƙinka ba ni da abin cewa a kai. Hannunka ya faɗa, kuma a tasha ban ji wanda ya ce kana ganganci ba. Abin da ya dame ni tayoyin bas ɗin nan taka ne, da yadda kake ɗaukar binciken lafiyar mota kamar wata fitina da aka ɗora maka.

An ce da takardar lafiyar motarka ta ƙare sai ka koma bin lungu don kada ka haɗu da jami'an VIO. Haba Sani. Ko ka kauce musu, birkin da ya kamata a gwada yana nan yadda yake, haka fitilu da sitiyari. Mutum goma sha huɗu ko fiye suke shiga bayanka, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motar kafin ya biya kuɗi. Kai suka ba amana.

Tayoyin gaba da ka sayo na gwanjo ne, na sani, kuma na san dalili: sabuwa ta yi tsada, ga balas da mai mota yake jira kowace yamma. Ka ce mini zanensu bai suɗe ba. Gaskiya ne, amma ba a gane lafiyar taya da zane kaɗai. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta yi ƙananan tsagu a gefe, wayoyin cikinta su fara rabuwa da ita, ido kuwa bai gani ba.

Ka durƙusa ka karanta jikinta. Akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta wuce wa'adinta in ta shekara huɗu daga ranar ƙira. Wani lokaci za ka tarar an kankare lambar, to wannan ko kyauta aka ba ka, ka bar wa mai ita.

A Ingila ma sai da aka rasa rayuka kafin a farga. A 2012 wata babbar motar fasinja da ta ɗebo mutane daga bikin kiɗa ta yi haɗari, mutum uku suka mutu har da direban, aka gano tayar gaban da ta fashe ta shekara 19. Mahaifiyar wani saurayi da ya rasu a ciki ta yi ta fafutuka, har a Fabrairun 2021 doka ta hana sa tayar da ta wuce shekara goma a gaban manyan motocin fasinja da na kaya. Ƙananan bas kuwa, masu kujeru 9 zuwa 16, an hana a kowace ƙafa da ba tagwayen taya ba ce. Ƙasar sanyi ke nan. Ka auna da kwaltar Kano zuwa Zariya da tsakar rana a watan Afrilu. Kuma abin da ake kawo mana a matsayin gwanjo, waɗanda aka riga aka cire daga wasu motocin ne.

Sai iska. Na lura kana buga taya da ƙafa ka ce ta yi. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwashewa a gefe, ta ɗau zafi, a kan gudu ta fashe. Ka sa mai faci ya auna da geji da safe kafin mota ta yi tafiya, har da safaya, wadda ban san rabonka da ka taɓa ta ba. Ka kuma duba girmanta: tayar bas irin taka tana ɗauke da harafin C a ƙarshe, kamar 195R15C, alamar an yi ta don lodi. Ta ƙaramar mota ba za ta ɗauki fasinja da buhunan da yaronka yake jibgawa a but ba.

In Allah ya ƙaddara ta fashe kana tafe, kada ka danna birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur, mota ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Na san za ka ce ajali in ya zo babu makawa. Haka ne, amma ba a ce mu gayyato shi ba. Ka samu mai motar ka gaya masa gaskiya, in kuɗin huɗu bai samu ba a fara da biyun gaba. In kana jin nauyinsa, zo mu je tare. Ranar Litinin kuma ka kai motar a duba ta, ka sabunta takardarka kafin ka sake yin lodi.