Ina Iyakar Haƙuri?

'Yan'uwa, an ce haƙuri maganin duniya. Amma ko dukan shiru haƙuri ne?

Ga mutum an yi masa allurar rigakafin sanƙarau ko ta shawara, yana jin jiri, zuciyarsa tana tashi, cikinsa yana murɗawa. Yawanci ba abin tsoro ba ne, gama jiki yana koyon yaƙi da cutar. Sai ya huta, ya sha ruwa mai tsabta. Cikin kwana biyu ko uku ya kan wuce. Nan haƙuri daidai ne.

Amma idan ya zarce kwana uku, ko amai ya hana ruwa zama, ko idanu suka zama rawaya, sai a tafi asibiti. Watakila ma zazzaɓin cizon sauro ne, ba allurar ba. Idan kuwa numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, kada a dakata ko kaɗan.

Mai ɓoye ciwo ba kansa kaɗai ya ke cuta ba. Iyalinsa suna dogara gare shi. Maƙwabci kuma, da ganinsa kwance, sai ya hana 'ya'yansa allura. Saboda haka zama da ciwo, ga likita kusa, ba haƙuri ba ne, ganganci ne.