Haƙƙin Wanda Muke Jin Haushinsa

Abu ne mai sauƙi mu nema wa ɗan'uwanmu adalci idan ya shiga hannun hukuma. Inda gizo ke saƙar shi ne idan wanda aka kama ɗin mu ne muke zarginsa da zubar da jininmu. Shin shi ma yana da haƙƙin a saurare shi?

Bayan rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, gwamnatin Janar Babangida ta kafa Doka ta 2, wadda ta tanadi kotun musamman, har da jami'an tsaro cikin masu yanke hukunci, kuma ba damar ɗaukaka ƙara. Waɗanda aka fara ɗaurewa da ita akasarinsu Musulmi ne, muka yi ta kukan zalunci.

Da rikicin Zangon Kataf ya auku a 1992, aka hallaka Hausawa masu yawa, sai aka gurfanar da Manjo-Janar Zamani Lekwot da wasu Katafawa ƙarƙashin wannan doka ɗin dai, a gaban kotun Mai Shari'a Okadigbo. Lauyoyinsu suka janye, aka ci gaba da shari'a, aka yanke musu hukuncin kisa a 1993. A wannan karon da yawa daga cikinmu mun ja bakinmu mun yi shiru.

A shekarar ce Mai Shari'a Onalaja na Babbar Kotun Legas ya hana zartar da hukuncin, bisa hujjar cewa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ba ta faɗi ba don soja sun yi doka. Daga baya aka mai da hukuncin ɗaurin shekara 5.

Alƙalin bai ce ba su da laifi ba. Abin da ya kare shi ne hanyar gano mai laifi. Hukuncin da aka yanke ba lauya, ba ɗaukaka ƙara, ba ya share hawayen marayun Zango, domin ya bar ƙofar musu a buɗe har gobe.

Masu iya magana sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ramin 1987 ya ci Musulmi, ya ci Kirista. Saboda haka idan muka tsaya wa abokin gabarmu har a saurare shi, ba amanar mamatanmu muka ci ba. 'Ya'yanmu muka tanadar wa mafaka.