Abin da aka dafa yau

Ya Ubangiji, gari ya waye, ga ni a gabanka.

Tunanina ya tafi ƙananan gidajen abincin nan na unguwa a birnin Rum, irin na Testacho, waɗanda iyali guda ke riƙe da su. Tebura 'yan kaɗan ne, a matse. A wasunsu ba a miƙa wa mutum doguwar takardar zaɓi. Ɗan allo ne jingine a bakin ƙofa, an rubuta abincin ranar da alli, ko mai gidan ya tsaya a kanka ya faɗa da baki.

Kasuwa ce ke yanke abin da za a ci, sai kuma rana. A tsohuwar al'adar Rum, Alhamis ranar gnocchi ce, wato 'yan curin dankalin turawa da fulawa. Juma'a kifi. Asabar tumbi a miyar tumatir. Wanda ya shigo da kwaɗayin wani abu daban, sai dai ya haƙura.

Daga nan sai jira. Ba a zuba taliya a tukunya sai an ce ana so. Kana zaune da burodi da ruwa, ƙofar kicin tana buɗewa tana rufewa. Kana jin ƙarar tukwane, ƙamshin tafarnuwa a man zaitun yana dukan hancinka, amma hannun mai girkin ba ka ganinsa. Ba mai tashi ya leƙa ko an sa gishiri. Mutum ya amince da wanda ko sunansa bai sani ba.

Ni kuwa na san ka, ya Uba. Na ci daga hannunka tun ban san kaina ba. To me ke sa zuciyata take son leƙa tukunyarka? Tana so ta san yaushe, tana so ta san nawa.

Idan farantin ya iso ma, ba lallai ya burge ido ba. Akwai wanda suke kira cacio e pepe: taliya, cukun madarar tumaki, da masoro. Shi ke nan. Mai gaggawa zai raina shi kafin ya kai loma baki. Sau da yawa haka alherinka ke zuwar mini, ba ado. Lafiyar da na tashi da ita. Gaisuwar maƙwabci. Ƙarfin da zai kai ni yamma, ba ƙari.

Mutanen Rum ba sa wasa da natsuwa a kan abinci. A 1986, da gidan abincin gaggawa na McDonald's ya buɗe reshe kusa da Dandalin Sifen a Rum, zanga-zanga aka yi, kuma daga nan Carlo Petrini ya assasa ƙungiyar Slow Food, masu kare girkin gida da cin abinci a tsanake. Har yau a gidajen unguwa ba kasafai ake kawo maka lissafin kuɗi ba sai ka nema. Ba mai korarka daga tebur.

Kai ma ba ka korata. Akwai addu'ar da na daɗe ina jiran amsarta, ka san ta. Ban ga alamar komai ba tukuna, amma na yarda kana kan aiki.

Ka zaunar da zuciyata, ya Ubangiji. Abin da ka shirya mini yau, ka ba ni, in karɓa da hannu biyu. Amin.