Kafin Ka Saki Tsarkiya, Ɗana

Ɗana, kai da kake rataya kwari da la'asar sakaliya, ka kira karnukanka, ku bi bakin fadama kai da abokanka a bayan Ambursa ko wajen Gulma, zo ka zauna mu yi magana. Ba zan ce ka ajiye baka ba. Halbi, kamar yadda bakinmu na Kabi yake faɗa, sana'ar maza ce masu haƙuri, kuma na ci naman da mahalba suka kawo tun ina ƙarami. Damuwata ita ce wurin da kake tsayawa ka ja baka. Wurin nan da kake kira daji, ya daɗe da zama bayan gidan mutane.

Ka tambayi duk wanda ya san Birnin Kebbi kafin 1991, shekarar da aka yanke jihar daga Sakkwato aka mai da garin babban birni. Zai gaya maka cewa inda Gesse da Badariya da Bayan Kara suka cika da gidaje a yau, da yawansa gonaki ne da fili. Yanzu gini ya miƙe har Gwadangaji, filin jirgin sama ya zauna a Ambursa, jami'a ta kama hanyar Kalgo. Argungu ma haka take faɗaɗa. Sai kuma shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara cika fadamar gulbin Rima da mutane. Da can, in ruwa ya janye aka gama girbi, fadama takan koma ta shanu da tsuntsaye. Yanzu ko da tsakar dare ka shiga, za ka ji ƙugin injin ban ruwa, kuma kusa da kowane inji akwai ɗan Adam a durƙushe yana gyara tiyo ko yana buɗe wa ruwa hanya.

Wannan mutumin da ke durƙushe shi nake so ka riƙa gani a zuciyarka. Shi da yaron da aka tura korar tsuntsu, da matar da take kala bayan an kwashe shinkafa, da ɗan Fulanin da ya kwanta a gindin sabara yana jiran shanu su ƙoshi, da dattijon da ya zagaya bayan gari da magariba ya shiga duhuwa don kada a gan shi. Dukkansu ɓoye suke, dukkansu ƙasa-ƙasa suke, kuma dukkansu suna motsa ciyawa daidai yadda gada take motsa ta. Mai fitilar goshi da ke yawon dare yana neman ƙyallin ido, shi ya fi kowa shiga hatsari, domin idon akuya da na ɗan maraƙi suna ƙyalli kamar na naman dawa, kuma inda akuya take, mai ita ba ya nisa.

Za ka ce ai kibiya ba bindiga ba ce, ba ta tafiya da nisa. Gaskiya ne, amma bindiga in ta tashi kowa ya ji, kowa ya yi ta kansa. Kibiya shiru take zuwa. Wanda kake harbi kusa da shi bai san kana nan ba, balle ya yi gyaran murya. Ga kuma dafi. Kwankwanin da ake dafawa a shafa wa bakin kibiya zuciya yake kamawa, kuma ba ya tambayar zuciyar wane ce. Masu tarihi sun ce Kanta kansa, wanda ya gina Surame, ya gagari Songhai ya gagari Borno, kibiya ce ta yi ajalinsa a ƙasar Katsina yana kan hanyar komawa gida. In ka shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu za ka ga bakuna da kibau na mutanen da. Kayan yaƙi ne, da su aka kare garuruwa. Abin da kake riƙe da shi ɗan'uwansu ne.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne kibiyar da ta kuskure. Ka harba, zomo ya kauce, ta nutse cikin ciyawa, magariba ta yi, ka ce gobe ka dawo, ba ka dawo ba. Tana nan kwance da dafinta. A dawa mai nisa wataƙila ruwan damina ya wanke ta kafin ƙafa ta taka. A bayan gari kuwa, gobe da hantsi yara za su bi wurin ba takalmi, mai yankan ciyawa zai zura hannu. Ina yaro na san wani tsohon mahalbi a unguwarmu wanda ba ya cin tuwon dare sai ya zazzage kwarinsa ya ƙirga. Wata rana ɗaya ta ɓace masa a gefen wata gona, ya kwana bai runtsa ba, asuba na yi ya fita da ƙannensa biyu, ba su dawo ba sai da ita. A lokacin na ɗauka rowar ƙarfe ce. Sai da na haifi nawa na gane abin da yake tsoro.

Naman da aka harba ma ba ya faɗuwa inda aka same shi. Gada mai kibiya a jiki gudu take yi, karnuka su bi ta, su ratsa shinkafar wani da ta fara fitar da kai, su faɗa cikin garken wani, tumaki su watse, a wayi gari ana gaban mai gari. Rigima nawa tsakanin maƙwabta ta faro daga kare? Wutar da ake cinna wa ciyawa a lokacin hunturu don a fito da gafiya kuwa, ba sai na tsaya a kanta ba. Ka ga yadda iskar nan take ɗaukar wuta, ka kuma san inda ake tara harawa da buhunan shanshera.

Addininmu bai bar wannan magana a buɗe ba. Suratul Ma'ida ta halatta farauta, har da abin da dabbar da aka horar ta kamo in an ambaci sunan Allah. Amma a cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama bakinsu da hannunsa don kada su yaƙushi wani. Duba fa, wucewa kawai, ba harbi ba. In ɗauke da kibiya a cikin mutane yana buƙatar wannan kiyayewa, me za a ce da sakinta? Annabi ya kuma hana jifa da tsakuwa, saboda ba ta kashe abin farauta, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori. Ka isar da wannan ga ƙannenka masu danƙo da ke bin kurciya a kan katangar mutane. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, sun kuma ce dabbar da aka harba da kibiya mai dafi, in ta mutu ba a riske ta an yanka ba, ba a cin ta, tunda ba a san ko ƙarfen ne ya kashe ko dafin ba. Kisan kuskure kuwa yana da diyya a kan dangi da azumin wata biyu a jere a kan wanda ya yi. Kuma ko an biya an yi azumin, za ka ci gaba da haɗuwa da uwar yaron a hanyar rijiya har ƙarshen ranka.

Na san abin da kuke gani a waya: Turawan Amurka suna harbin wata irin barewa tasu mai ƙaho mai rassa da baka, ga gidaje ana hangowa. Bari in gaya maka abin da hoton bai nuna ba. Su barewar ce ta yi musu yawa. An ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30, domin sun kawar da yawancin namun da ke cin ta, ita kuma ta sami lambunan unguwanni ta ƙoshi. Motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Shi ya sa wasu garuruwan suke barin mahalba su rage ta. Duk da haka sai da lasisi, sai a watannin da aka ƙayyade, sai da izinin mai fili. Yawancinsu kan bishiya suke hawa su harba ƙasa, don kibiyar da ta kuskure ta soki turɓaya a nan kusa. A jihar New York doka ta ce in ba mai gida ya yarda ba, mai baka ya nisanci gida da ƙafa 150, mai bindiga da ƙafa 500. A Ingila kuwa an haramta farauta da baka gaba ɗaya.

Mu namu akasin haka ne. Yaushe rabonka da ganin gwanki ko kanki a ƙasar nan? Kakanka ya san su. Barewar da ka ga ta kusanto gari a yau, ƙishirwa ce ta kawo ta, ko ambaliya irin ta 2020 ta kore ta zuwa tudu, ko an sare kurmin da take fakewa. Wataƙila ita ce ta ƙarshe a wannan yanki, wataƙila da ciki. Tun 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji, amma ba tsoron doka nake so ya riƙe hannunka ba, domin mu Kabawa mun san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi. Dubi Matan Fada. Shekara guda ana hana kamun kifi a wannan yanki na gulbi, Sarkin Ruwa yana tsaye a kai, har ranar da za a ba da izini dubban masunta su faɗa da homa da gora. Bikin kamun kifi na Argungu da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, da wannan haƙurin yake raye. Ba don an bar ruwan ya huta ba, da babu giwan ruwan da za a ɗora a sikeli. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gwada a tudu. Raƙuman dawan Kouré, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Aka daina kashe su, manoma suka jure ɓarnar da suke yi wa wake, suka haura 600.

Akwai kuma ranka kai kanka. Zamanin ya yi zafi. Tun harin da Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, mutanen karkararmu barci da ido ɗaya suke yi. Ka kuma ji abin da ya sami mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, waɗanda aka kashe bisa zato, Allah ya jiƙansu. Saurayi da makami a bayan gidaje cikin duhu, wa zai tsaya ya tambaye shi ko zomo yake nema?

In halbin kake so da gaske, je ka gai da Sarkin Baka ko wani dattijon mahalbi na yankinku, ka bi shi, ka ɗaukar masa gora, ya nuna maka inda dawa ta rage da watannin da namu ke da ciki. Ka fita da rana. Ka sanar da mai gari da masu gonakin da za ka ratsa. In kana jin kukan zakara, ko daka, ko ƙugin inji, sassauta tsarkiya ka ƙara gaba. Kada ka ja baka a kan motsin ciyawa sai ka ga dabbar tun daga kai har wutsiya, ka kuma ga abin da ke bayanta. Daren yau in ka koma gida, zazzage kwarinka ka ƙirga. In ɗaya ba ta nan, ka tashi da asuba ka nemo ta kafin a saki yara kiwo.