SHIN JIN NATSUWA HUJJA NE? MAGANA A KAN YOGA

 

Ya ɗan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ta yawaita a bakin matasanmu nan Ƙofar Kaura. Wani ciwon baya ya ishe shi, wani rashin barci, sai suka koyo wani abu a waya, wai shi yoga: a tanƙwashe ƙafa, a haɗa babban yatsa da manuniya, a rufe ido, a ja numfashi, a riƙa maimaita "Om". Kowannensu cewa yake: "Malam, wallahi na samu natsuwa." To, shin jin natsuwa yana halatta abu?

Ba mu ƙaryata su ba. Duk wanda ya zauna shiru ya sassauta numfashi, bugun zuciyarsa zai lafa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Haka Allah Ya halicci jiki. Amma ka lura, wanda aka yi wa girka a gidan bori shi ma cewa yake ya ji sauƙi. Da jin daɗi hujja ne, da babu ɓataccen addini a bayan ƙasa, don kowane mai bauta yana jin daɗin bautarsa.

Ka san asalin abin tukuna. Yoga daga Indiya ta fito, kalmar kuwa a harshen Sansikirit tana nufin haɗawa. Riƙon yatsun nan sunansa mudura, kuma masu abin suna fassara haɗuwar babban yatsa da manuniya da haɗuwar ran mutum da abin bautarsu. "Om" lafazi ne mai tsarki wurin Hindu, da shi suke buɗe addu'o'insu. Akwai kuma jerin motsi 12 da ake kira Suriya Namaskar, watau gaisuwa ga rana, an fi yin sa da hudowarta. Kai kuwa an hana ka ko nafila a wannan lokaci har rana ta ɗaga gwargwadon mashi, don kada ka yi kama da masu yi mata sujada. Sallar Allah ma an ce ka dakata, ina ga gaisuwar rana?

Ƙa'idar malamai a nan a fili take. Al'amarin duniya asalinsa halas ne sai an hana. Ibada asalinta hani ne sai an yi umurni. Saboda haka raba abin gida biyu.

Na ɗaya, miƙe gaɓoɓi da gyaran numfashi don lafiya. Wannan ɗan'uwan tattaki ne, kamar ka taka daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Marusa ka dawo. Ba laifi, in an rufe al'aura kuma ba cakuɗar maza da mata.

Na biyu, lafazi da alamar hannu da fuskantar rana don neman tsarkin rai. Wannan ibadar wasu ce, ko da an sa mata rigar motsa jiki.

Malaman wasu ƙasashe sun riga mu duba wannan. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda lafuzzan bautar da ke cikinta. A Janairu 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta mai ɗauke da bautar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Sanin wannan iyaka ya zama dole, don abin yaɗuwa yake: a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya, a 2017 Saudiyya ta yarda da ita a matsayin wasan motsa jiki.

Wani zai ce: "Ai ni ban yi niyyar bauta ba." Madalla, ba mu kafirta ka ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta wanke lafazin da ba ka san ma'anarsa ba. Za ka sa hannu a takardar filin da ba ka karanta ba?

Kuma me ka rasa a gida? Kana ɗaga hannu a kabbara, kana nuni da yatsa a tahiya, kana ƙirga tasbihi da gaɓoɓin yatsu. Duk waɗannan daga Annabi (S.A.W.) aka karɓo su, ba wani ne ya gwada ya ji daɗi ya ƙaga ba. Natsuwa kuma rukuni ce a salla. Abin kunya, mutum ya yi raka'a huɗu kamar kaza na tsattsagar tsaba, sa'an nan ya zauna rabin sa'a yana "Om", ya ce can ya samu natsuwa. Ka ba sallarka wannan rabin sa'ar mana!

In baya ke ciwo, je asibiti, ka yi motsin da likita ya nuna maka. In zuciya ce ba ta kwanta ba, riƙe zikirin safe da maraice da ya tabbata.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, amin.