Malamin Da Ya Tsufa Kan Littattafan Rasha

Akwai masu cewa ilmin da ba ya kawo hatsi rumbu wahalar banza ne, balle ilmin mutanen wata ƙasa mai nisa. To, sai a auna wannan magana da labarin wani malami Ba'amurke, Josef Firank, wanda aka haifa a 1918, ya rasu a 2013.

Firank ya koyar a jami'o'in Firinston da Sitanfod. Ya rubuta tarihin wani marubucin Rasha, Dostoyefski, cikin littattafai biyar, na farko ya fito a 1976, na ƙarshe a 2002. Sa'ad da ya fara aikin, ƙasarsa da ƙasar Rasha suna zaman doya da manja, kowace tana tara makamai don tsoron ɗayar. Shin ya kyautu mutum ya ƙarar da ƙarfinsa kan littattafan abokan gaban ƙasarsa?

Amsar tana cikin abin da ya karanta. A 1849 aka tsai da Dostoyefski a fili za a harbe shi, sai ga saƙon sarki an yi masa rangwame, aka kai shi Sabiriya ya yi shekara huɗu a kurkuku. Daga baya, a 1866, ya rubuta labarin wani ɗalibi matalauci da ya kashe wata tsohuwa mai ba da bashi da ruwa, yana ganin muguwa ce, mutuwarta alheri ce ga jama'a. Ba a kama shi nan da nan ba, amma zuciyarsa ta hana shi sakat har ya kai kansa wurin hukuma.

Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara ɗaukar Rashawa kamar dodanni ba. Zai ga mutane ne masu talauci, da tsoron Allah, da nadama, kamar kowa. Wanda kuwa bai san kome game da wata al'umma ba sai yawan bindigoginta, da sauƙi a zuga shi ya yarda a hallaka ta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Gaskiya ne manomi ya fi irin wannan malami ciyar da gari. Amma garin da ya ƙoshi yana bukatar wanda zai sanar da shi halin maƙwabtansa, don kada ya far musu cikin jahilci. Saboda haka Firank bai yi asarar shekarunsa ba.